Yadda Malamin Sande Sukul Zai Haɗa Darasin Yara da Kayan Intanet, Daga Litinin Zuwa Lahadi

Tun ranar da na ɗaga hotunan Zakka a bitar malaman Sande Sukul ta gundumarmu, wayata ba ta huta ba. "Malam, ina ka samo su?" "Don Allah a turo mini." Sai in tura adireshin shafin, in ɗauka magana ta ƙare. Ranar Asabar wajen ƙarfe goma na dare kuma sai kira ya shigo: abin ya ƙi buɗewa, ko data ta ƙare, ko an sauko da darasi mai shafi goma sha biyu da Turancin Amurka, ga shi gobe yara sittin ne za su zauna ƙarƙashin dalbejiya, rabinsu ko firamare ba su shiga ba.

Da na ga haka sai na gane ba adireshi ne 'yan'uwa suka rasa ba, tsari ne. Kayan koyar da yara na kyauta sun yi yawa a intanet, kuma wanda ya shiga kasuwa bai san miyar da zai dafa ba, kuɗinsa za su ƙare a kan abin da ya burge idonsa. Ga yadda nake bi, rana bayan rana. Zan ɗauki labarin Zakka, Luka 19:1-10, in bi da shi daga farko har ƙarshe. Ina cewa "ka" ne don sauƙin rubutu kawai. A cocinmu ma malamai mata sun fi mu yawa, sun kuma fi mu haƙuri.

Abin da za ka tanada: Littafi Mai Tsarki na takarda, littafin darasin ikilisiyarku, littafin rubutu guda ɗaya da ba a yin komai da shi sai wannan aiki, waya mai Android, da memori. In da hali, 'yar sifika mai Bluetooth da fawa bank. Duk shafukan da zan ambata suna da kayan kyauta da ba a biyan ko sisi. Kuɗi a wuri uku suke fita: data, buga takarda, da caji.

1. Litinin: Littafi tukuna, waya daga baya

Buɗe littafin darasi ka ga abin da aka tsara na wannan mako. Ikilisiyoyi irin su ECWA, COCIN da Baftis suna fitar da nasu littafin makarantar Lahadi, kuma shi ne jagora. Abin intanet ƙari ne a kansa. Idan ikilisiyarku ba ta da littafin yara, zauna da fasto ko katikis ku rubuta labarai 13 na wata uku a jere, kada kowane malami ya riƙa zaɓar abin da ya ga dama.

Karanta ayoyin sau uku, ɗaya da murya. Rubuta a littafinka su wane ne a ciki, a ina, me ya faru bayan me. Yesu yana ratsa Yariko. Zakka shugaban masu karɓar haraji ne, mai arziki, gajere. Ya hau itace. Yesu ya kira sunansa. Jama'a suka yi gunaguni. Zakka ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa wanda ya cuta ninki huɗu.

Sannan ka rubuta jimla ɗaya tak, wadda kake so yaro ya faɗa wa uwarsa in ta tambaye shi me aka koya. Tawa ita ce: Yesu yana neman wanda kowa ya ƙi, kuma wanda ya karɓe shi ba ya zama yadda yake a da. Ayar haddacewa ta fito da kanta, aya ta 10.

Hattara: kada ka taɓa waya kafin jimlar nan ta hau takarda. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na taɓa koyar da jirgin Nuhu a makon da ya kamata in koyar da addu'ar Ubangiji, ba don komai ba sai don hoton raƙumin dawa da na gani ya yi mini kyau.

2. Fassarar da za ka sa a waya

Sauke manhajar YouVersion daga Play Store. Shafinta shi ne bible.com. Shiga wurin zaɓen harshe, ka zaɓi Hausa, ka zaɓi fassara, sannan ka danna alamar saukewa domin ta zauna a cikin wayar, ta buɗe ko babu sabis. Mutane da yawa suna tsallake wannan dannawa ta ƙarshe, sai ranar Lahadi su ga shafi fari.

Wace fassara? Wadda ake karantawa a bagadin cocinku. Akwai tsohuwar fassara ta 1932 da dattawa da yawa suka haddace, akwai ta 1979, akwai kuma Sabon Rai Don Kowa ta Biblica. Kalmominsu ba ɗaya ba ne, har sunayen littattafai: inda wata ta ce Yohanna wata Yahaya take cewa, inda wata ta ce Misalai wata Karin Magana. Ka kwatanta su don ka fahimci nassin sosai, wannan yana da amfani. Amma ayar haddacewa daga fassara ɗaya za ta riƙa fitowa duk shekara.

Hattara: yaro ya haddace aya, ya je gida ya faɗa, kakarsa ta ce ba haka take ba. A idon yaron, ko malam ya yi kuskure ko kaka. Rubuta ayar daga Littafin takarda, harafi bayan harafi.

3. Talata: hotuna

Nan ne intanet ta fi yi mana rana. Shafin da na fi komawa shi ne freebibleimages.org, na wata ƙungiyar sa kai a Ingila. Ba hoto ɗaya-ɗaya suke bayarwa ba, labari ne sukutum a jere, daga shigowar Yesu gari har zuwa cin abinci a gidan Zakka. Ana neman labari da sunan mutum ko da littafi da sura, amma da Turanci. Saboda haka ka ware shafi a littafinka na sunaye: Zakka shi ne Zacchaeus, Nuhu Noah, Yunusa ko Yunana Jonah, Iliya Elijah, Saratu Sarah. Wata uku kawai, jerin zai ishe ka.

Labari ɗaya yakan zo da saiti da yawa: zanen katun, zane irin na tsofaffin littattafai, da hotunan 'yan wasa da aka ɗauka da kyamara. Ga yadda nake zaɓa. 'Yan ƙasa da shekara bakwai, zane mai mutane kaɗan da manyan fuskoki. Manya, hoton da ya nuna gari da sutura, don su ne masu tambayar yaya gidajen suke. Kowane saiti ana iya sauke shi a matsayin PDF, PowerPoint ko hotuna ɗaiɗai. A waya PDF ya fi sauƙi. Akwai kuma wata ƙaramar takarda da ke tare da saitin, mai bayanin kowane hoto da ayarsa. Sauke ta ita ma, za ta hana ka rikita jeri.

In saitin yana da hoto ashirin, kada ka nuna ashirin. Zaɓi shida zuwa takwas. Na Zakka: taron jama'a, yana ɗage a bayan mutane, yana kan itace, Yesu ya ɗaga kai, masu gunaguni, yana mayar da kuɗi. Shi ke nan.

Hattara ta farko: ka faɗa wa yara cewa zane ne ko wasan kwaikwayo. Wata yarinya 'yar shekara shida ta taɓa ƙura wa wayata ido, can ta ɗago ta ce, "Malam, wa ya ɗauki Yesu hoto?" Tun daga ranar nakan fara da cewa ba wanda yake da hoton Yesu, wani ne ya zana don ya taimake mu mu bi labarin.

Ta biyu: kowane saiti yana da nasa sharaɗin amfani a rubuce a shafinsa. Koyarwa a aji ba matsala. In kana tunanin haɗa ɗan littafi ka sayar, ko da don tara kuɗin coci ne, karanta sharaɗin tukuna.

4. Darussan da wasu suka riga suka rubuta

Har yanzu Talata ce, ko Laraba. Buɗe shafi biyu kawai, ba goma ba.

Missionbibleclass.org wata malama ce a New Zealand ta tara shi, yana da labarai sama da 150, kowanne da bayanin da malami zai karanta don kansa, hanyar buɗe labari, tambayoyin bita da wasanni. Na fi son sa saboda ba ya ɗauka cewa kana da majigi da ɗaki mai kafet. Ministry-to-children.com da sermons4kids.com na Amurka ne. Na farkon yana da cikakkun darussa da takardun shafa kala, na biyun ya ƙware a gajeren wa'azin minti biyar da ake yi da wani abu a hannu. Bibleforchildren.org, daga Winnipeg ta Kanada, yana da labarai 60 cikin PDF a harsuna masu yawan gaske, da mai kala da wanda yara za su shafa wa kala. Buɗe jerin harsunan ka nemi naka. Sai Open Bible Stories na ƙungiyar unfoldingWord: labarai 50, 21 daga Tsohon Alkawari, 29 daga Sabo, tun daga Halitta har dawowar Almasihu. Abin da ya bambanta shi shi ne lasisinsa ya ba kowa izini ya fassara, ya buga, ya raba, muddin an ambaci masu shi kuma an bar wa wasu irin wannan izini. Ikilisiyar da ke son yin abu da yarenta, nan ya kamata ta fara.

Me kake nema a cikinsu? Abu uku: dabarar buɗe labari, wasa ɗaya, tambayoyi uku. Kwafe su da hannu cikin littafinka, ka rufe shafin.

Hattara: san mai shafi kafin ka ɗauki kayansa. Gangara ƙasa ka nemi inda suka faɗi ko su wane ne da abin da suka gaskata. Idan ka rubuta tambayar Littafi Mai Tsarki da Hausa a Google, sau da yawa jw.org yana cikin na sama. Na Shaidun Jehobah ne. Hausarsa a gyare take, hotunansa masu kyau, amma ba su yarda da Triniti ba, ba sa kuma yin Kirsimeti, saboda haka koyarwarsa ba ita ce ta ikilisiyoyin da na ambata ba. Ko a tsakanin shafukan da suka yarda da abin da muka yarda, ana samun bambanci a kan baftisma da Jibin Ubangiji. Darasin da ya taɓo waɗannan, nuna wa fasto kafin Lahadi. Minti biyar ne, ya fi a kira ka gaban dattawa.

5. Laraba da Alhamis: mayar da shi namu

Zanen aro ba ya rufe katara. Yawancin darussan nan an rubuta su ne don yara goma a ɗaki mai tebur, almakashi a hannun kowa, ana maganar dusar ƙanƙara da ƙwan Ista. In ka karanto shi yadda yake, ko ka zuba shi a Google Translate ka karanto abin da ya fito, minti uku sun yi yawa 'yan baya za su fara tsunkulin juna. Na'urar fassara tana da amfani ka gane abin da Baturen yake nufi. Bayan nan ajiye ta, ka ba da labarin da bakinka, irin yadda za ka ba ɗanka a tsakar gida. Ayar Littafi kuwa ba a fassara ta da na'ura ko da ka; tana nan a fassare.

Bi labarin ka ja layi ƙarƙashin kalmomin da yaro zai yi tuntuɓe da su. "Mai karɓar haraji" ba ta nufin komai ga ɗan shekara biyar, amma ya san mutumin da ke yankar wa mamarsa rasit a kasuwa. Ka ce to a ce rasit ɗin na ɗari ne, shi kuma ya karɓi ɗari biyu ya zura ɗari a aljihu. Sai dai ka tuna wataƙila ɗan mai wannan aiki yana zaune a gabanka. Ka fito fili ka ce laifin Zakka cuta ce, ba aikin ba. Haka kalmar "almajirai". Yaron da ya tashi a Kano ko Zariya, hoton da zai zo masa daban ne da Bitrus da Andarawus. Ka ce ɗalibai ne, manyan mutane masu bin malaminsu duk inda ya sa ƙafa.

Wani lokaci kuma mu ne muke da abin da masu shafin ba su da shi. Itacen da Zakka ya hau ɓaure ne, irin wanda ke bakin rafinmu. Malamin Amurka sai ya nemo hotonsa ya yi ta bayani. Kai ka yanko reshe da 'ya'yansa ka shigo da shi aji. Tambayi yara wa ya taɓa hawa. Hannuwa za su tashi, labari ya riga ya fara.

Aikin hannu ma haka. Inda suka ce a sayo kaza da kaza, duba gida: kara, laka, gawayi, tsohon kwali, murfin kwalba, tsakuwa, buhun siminti da aka kakkaɓe. Sitaci da aka dama yana liƙa takarda kamar gam. Ninki huɗu kuwa ba sai da takarda ba. Ba yara uku murfin kwalba biyu-biyu. Wanda ke wasan Zakka ya ƙwace ɗaya-ɗaya. Bayan Yesu ya shiga gidansa, ya dawo ya ƙirga wa kowanne huɗu, aji duka suna ƙirgawa da ƙarfi. Yaran da suka yi wannan wasa a ajina, bayan shekara guda suna tuna lissafin.

Hattara: za ka ci karo da littafin nan marar rubutu mai launi biyar, wanda ƙungiyar Child Evangelism Fellowship ta yaɗa: ruwan zinariya, duhu, ja, fari, kore. Kayan aiki ne mai kyau, ana yin sa da ƙyallayen tela. Amma kada ka tsaya gaban yaranmu ka ce baƙi shi ne zunubi, fari shi ne tsarki. Ka ce shafin duhu da shafi mai tsabta. Yara suna duban fatar hannunsu fiye da yadda muke zato.

6. Murya da bidiyo, in ana bukata

Ba kowane darasi ke bukatarsu ba. In za ka sa, ga inda ake samu. Manhajar Bible.is ta Faith Comes By Hearing tana da Sabon Alkawari cikin murya da Hausa. Sura ta 19 ta Luka, ayoyi goman farko ba su wuce minti biyu ba, daidai kunnen yara. Manhajar 5fish ta Global Recordings Network tana da naɗaɗɗun labarai a harsuna sama da 6,000, har da jerin nan mai hotuna 40 da ke bin labarin bishara daga Halitta. In a ajinka akwai yaran da a gida Gbagyi ko Berom ko Tangale ko Fulatanci ake yi musu, rubuta sunan harshen ka nema. Manhajar Jesus Film Project kuma tana da fim ɗin rayuwar Yesu na 1979, wanda aka ɗauko daga Luka, da Hausa, an kuma yayyanka shi guntu-guntu. Akwai guntun Zakka shi kaɗai.

Bible App for Kids, wadda YouVersion da OneHope suka fitar a 2013, tana da labarai 41 da yaro ke taɓawa su motsa. Akwai ta da Turanci da Faransanci, abin da zai yi wa 'yan'uwa na Maraɗi da Damagaram daɗi. Amma an yi ta ne don yaro ɗaya da waya ɗaya. A aji rigima take haddasawa. Faɗa wa iyaye su sa ta a gida.

Hattara: kalli duk abin da za ka nuna, daga farko har ƙarshe, kai kaɗai. Wurin gicciyewa ya yi wa ƙanana nauyi. Kada kuma ka kunna YouTube kai tsaye a gaban yara: ba kai ke zaɓen tallar da za ta faɗo ba, ba kai ke zaɓen bidiyon da zai biyo baya ba.

7. Saukewa da ajiya

Ka san nauyin kaya kafin ka ɗauka. PDF na hotuna 'yan megabait ne. Murya ta awa guda takan kai wajen megabait 30. Guntun bidiyo na minti biyar a ƙaramin inganci 'yan gomomi ne, cikakken fim na awa biyu kuwa ɗaruruwa, har ya haura gigabait in ka zaɓi babban inganci. A fuskar waya ƙaramin inganci ya wadatar.

Kamfanonin layi suna sayar da data ta dare da araha. Sau ɗaya a wata uku, ɗauki jerin labarai 13 ɗin nan ka sauke kayansu duka a dare ɗaya. Mutum ɗaya ya sauke, sauran malamai su karɓa ta Xender bayan sujada. Ba dalili mutum biyar su biya kuɗin fayil ɗaya.

Buɗe folda a memori, ba a cikin wayar ba, ka canja wa kowane fayil suna da Hausa: Luka 19 Zakka hotuna, Luka 19 Zakka murya. Abin da ka bari a cikin WhatsApp, ranar da waya ta cika aka share, ya tafi.

8. Juma'a: buga takarda

Yi lissafi kafin ka yi wa yara alkawarin takardar shafa kala kowane mako. Yara 40 sau mako 52, takarda 2,080 ke nan, fiye da rim huɗu, tunda rim ɗaya 500 ne, ba a sa kuɗin bugawa da fensirin kala ba. Baikon yara ba zai ɗauka ba.

Abin da ya fi: a buga hotunan labari shida ɗin nan, kowanne a cikakken A4, a sa su cikin leda mai haske ko a yi musu laminatin, su zama kayan coci. Ajin ƙanana ya yi amfani da su bana, na tsakiya baɗi. Mai kala ya ninka baƙi da fari tsada sau da yawa, don haka zaɓi zane mai layi kawai, ka ba manyan yara su shafa masa kala ranar Asabar. Takardar kowa da kowa a bar ta sai Kirsimeti, Ista da ranar yara. A nan ma a buga ɗaya, a sa hoto biyu a shafi, sauran a yi fotokwafi a yanka.

In babu kuɗin ko ɗaya, buga guda ɗaya, manna ta a gilashin taga da rana, ɗora farar takarda a kai ka bi layin da fensir.

Hattara: takardar Amurka ta fi A4 faɗi kaɗan, ta kuma fi ta gajarta. Ce wa mai shagon ya daidaita hoton da girman takarda, in ba haka ba gefe zai yanke. Ka duba ta farko kafin ya saki sauran. Karɓi rasit ka kai wa ma'aji, ko da daga aljihunka ka biya. Ta haka ne dattawa za su san aikin yara yana cin kuɗi, su sa shi a kasafi.

9. Asabar gwaji, Lahadi aji

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da yammacin Asabar kashe data, ka buɗe kowane fayil ka tabbata yana buɗewa. Haɗa sifika, ka tsaya nesa da ita kamar taku goma ka ji ko murya tana kaiwa. Ba da labarin da baki, da agogo a gabanka. In ya wuce minti goma sha biyu, rage. Sa komai a caji.

Ranar Lahadi sa wayar a yanayin jirgin sama kafin ka shiga aji. Ban manta ranar da nake tsakiyar nuna Daniyel a ramin zakoki ba, sifika a haɗe, sai kiran mai gyaran babur ya shigo, aji duka suka ji ana tambayata cikon kuɗi.

Minti 45 nakan raba su haka: waƙa da addu'a biyar, bitar makon jiya biyar, labari goma sha biyu, aya takwas, wasa goma, baiko da addu'ar rufewa biyar. Fuskar waya ba ta fi tafin hannu ba. Yara takwas ne za su gani da kyau, ba sittin ba. In ba ka buga hotunan ba, ka tsaya da labari a kowane hoto, mataimakinka ya zaga da wayar layi-layi, kai kuma kana tambaya: me kuka gani, ina Zakka, me ya sa fuskar mutumin can ta ɓaci? Kada ka miƙa wayar a hannun yaro. Majigi kuwa yana son duhu da wuta, ajinmu na safe ne a fili. Ban ga ya cancanci kuɗin janareto ba sai a taron hutu na dare.

In batir ya mutu, ci gaba. Littafinka na rubutu da reshen ɓaure suna hannunka.

10. Zauren malamai da hotunan yara

Buɗe zauren WhatsApp na malamai kaɗai, da fasto ko dattijo ɗaya a ciki. Doka ɗaya: kayan darasi kawai, kuma duk wanda ya turo abu ya faɗi shafin da ya ɗauko shi. Saƙo ga yara ta wayar iyaye yake bi, a zauren iyaye. Malami ba ya hira da yaro shi kaɗai ta waya, kamar yadda ba ya kulle ƙofa da yaro shi kaɗai a aji. 

Hattara: yara sun yi kyau da kayan wasan Kirsimeti, hannu yana ƙaiƙayin ɗorawa a Facebook. Tambayi iyaye tukuna. A Najeriya dokar haƙƙin yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, dokar kare bayanai ta 2023 kuma tana neman yardar uwa ko uba ko mai riƙo kafin a yi amfani da bayanan yaro. Ko an yarda, kada a haɗa fuska da cikakken suna, kada a rubuta wuri da lokacin da yara ke taruwa. Mu da muke zaune a inda muke zaune ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ɗauki hoto daga baya, ko ka ɗauki aikin hannunsu.

Bayan an tashi, kafin ka shiga babbar sujada, rubuta layi biyu a ƙasan darasin: abin da ya kama, abin da ya faɗi. A ƙarƙashin Zakka na rubuta: "Murfin kwalba ya yi. Murya ba ta kai baya ba, a zaunar da ƙanana kusa da sifika." Sannan kwafi foldar zuwa wayar mataimakinka, don makon da zazzaɓi ya kwantar da kai ya san inda zai buɗe.